Layin waya ba NIN, amma ido ko'ina: saƙo daga Landan

Yaya, bayan gaisuwa, ka tambaye ni yadda harkar waya take a nan Ingila. Layi dai kamar ashana ake sayensa: ka shiga kanti, ka biya, ka fito. Ba hoto, ba dangwala yatsa, ba mai ce maka kawo katin shaida. Ka gwada da wahalar da kuka sha tun Disamban 2020, da hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta ce kowa ya haɗa layinsa da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN ko a toshe.

Sai dai kada ka ɗauka sun sakar mana mara. Kyamara a cikin bas, a tashar jirgi, a ƙofar kusan kowane kanti. 'Yan sandan Landan kan girke mota a wuraren hada-hada irin su Croydon, su kafa allon sanarwa, na'ura tana gwada fuskar duk mai wucewa da jerin waɗanda ake nema. Wata doka ta 2016 kuma ta ba gwamnati ikon sa kamfanonin sadarwa su ajiye bayanin shafukan intanet da mutum ya leƙa har wata 12. A Fabrairun 2025 ma Apple ya janye wa mazauna ƙasar nan tsarinsa mafi ƙarfi na kulle bayanan iCloud, wato ma'ajiyarsa ta intanet, bayan rahotannin cewa gwamnati ta nemi hanyar shiga. Wayar iri ɗaya ce, amma a wannan fannin taka ta fi tawa kulle.

Inda suka sha gabanmu shi ne mai ƙorafi na da ƙofar ƙwanƙwasawa. Kana iya rubuta wa kanti ko hukuma su ba ka hotonka da kyamararsu ta ɗauka, doka ta ba su wata guda su amsa. Bayan tonon sililin da tsohon ma'aikacin leƙen asirin Amurka, Edward Snowden, ya yi a 2013 kan yadda gwamnatoci ke leƙen saƙonnin jama'a, ƙungiyoyi suka maka gwamnati a kotu. A 2021 Kotun Turai ta Haƙƙin Ɗan Adam ta ce yadda hukumar leƙen asirin Birtaniya ta GCHQ ke kwasar saƙonni jumla ya keta haƙƙin sirri. Shekara takwas fa, amma hukuncin ya fito.

Mu kuwa mun miƙa yatsu goma da fuska don a kama masu garkuwa da mutane, ga shi har yau ta waya suke cinikin kuɗin fansa. Ni ban ƙi a sa ido ba, Yaya, in har ana ganin amfaninsa. Muna da dokar kare bayanai tun 2023. Ka gwada rubuta wa kamfanin layinka ka nemi abin da ya tara a kanka, ka faɗa mini amsar da suka ba ka.

A gaida su Inna.