Yawon tarihin Samuel Tilden a New York: jagora ya iya labari, kamfani ya iya wayo

A tallar kamfanin yawon ƙiri-ƙiri suka rubuta cewa za a shiga gidan Tilden da ke Gramercy Park, kuma don haka na biya kuɗin, wanda kun san ba kaɗan ba ne. Muna isa sai jagoran ya ce wai yau babu shiga, mu more wa idonmu daga waje. Cikin wannan sanyin! Lambun da ke gaban gidan ma a kulle yake, sai 'yan unguwa masu makulli. Wata dattijuwa ta zo ta buɗe ta shige abinta, ta bar mu muna leƙe ta tsakanin ƙarafa kamar almajirai a ƙofar gidan biki.

Shi jagoran, ba zan ci haƙƙinsa ba, ya san mutumin. Tilden lauyan kamfanonin jirgin ƙasa ne da ya tara dukiya da shari'a da zuba jari, ya taimaka aka karya Tweed, uban gidan siyasar birnin New York da ya yi ƙaurin suna wajen wawure dukiyar jama'a, da 'yan barandarsa, ya zama gwamnan New York. A zaɓen shugaban Amurka na 1876 ya fi Rutherford Hayes ƙuri'un jama'a, amma aka kayar da shi da ƙuri'ar wakilai guda tak, 185 da 184. Inda labarin ya fi kama ni shi ne wasiyyarsa. Ya rasu a 1886 ba mata ba ɗa, ya bar mafi yawan dukiyarsa a gina ɗakin karatu kyauta, dangi suka garzaya kotu suka rushe wasiyyar. Babban lauya guda, a ce takardarsa ce ta kasa tsayawa a gaban alƙali! Abin da aka ceto ne aka haɗa da ɗakunan karatun Astor da Lenox a 1895, aka kafa ɗakin karatun jama'a na New York.

Da muka ƙarasa babban ɗakin karatun na Fifth Avenue, mai gumakan zakuna biyun nan a ƙofa, na ga sunan Tilden a sassaƙe can sama, har zuciyata ta yi sanyi na ce kuɗina sun halatta. Sai kuma na tuna nan kowa shiga yake kyauta, kuma nan kaɗai muka shiga. Na rubuta wa kamfanin a mayar mini da ko rabi ne, suka amsa da cewa za su yi mini ragi idan na sake zuwa. In sake zuwa in kalli bango?