Mai gyaran caja a Sabon Gari da ke aunawa kafin ya cire komai

Masu shagon cajin waya da masu inbata a gida, wannan naku ne. Akwai wani mai gyaran kayan lantarki a Sabon Gari, cikin layin masu sayar da wayar wuta da soket kusa da kasuwa, wanda ya gyara min cajar batir, kuma aikinsa ya cancanci a faɗa.

Shagona yana Samaru, yawancin masu kawo min waya ɗalibai ne. Batir mai bolt 12 ke riƙe ni idan an ɗauke wuta, cajar kuma irin ta zamani ce mara nauyi, wadda babu ƙaton taransifoma a cikinta. Wani dare aka maido da wuta da ƙarfi, sai na ji fat, fitilarta ta mutu, fankar ciki ta tsaya. Mai gyaran da na fara kai wa ya ga fis ya ƙone, ya ɗaure wurin da silin waya, ya ce an gama. Ana jonawa hayaƙi ya tashi.

Shi wannan na Sabon Gari ko kusa da soket bai kai ta ba. Da ya buɗe, babban kafasita, wato abin da ke tara wuta a cikin cajar, ya fara sauke wa wuta. Ya ce wutar gida mai bolt 230 idan ta ratsa dayod huɗu na farko, masu sa wuta ta bi hanya ɗaya kawai, tana haura bolt 300, kafasitan kuma yana riƙe ta ko an zare filogi, ta isa ta jefar da mutum. Sannan ya ɗauki mita ya bi bod ɗin tun daga bakin shigar wuta. Dayod biyu sun haɗe, wato sun ƙone wuta na wucewa ta cikinsu kai tsaye, babban tiransista ma ƙafafunsa uku duk sun haɗe, ƙaramin resistan da ke ƙarƙashinsa ya tsinke, layin jan ƙarfe ɗaya ya babbake.

"Malam, fis ba ya ƙonewa don ganin dama," in ji shi. "Wani abu ne a gaba ya haɗe. Wanda ya sa maka waya a nan shi ya ƙara maka kuɗin gyara."

Abin da ya fi burge ni shi ne kwan fitila. Bayan ya canza waɗanda suka mutu, bai sa sabon fis ba tukuna. Tsohon kwai mai zare, wat 60, ya jona a gurbin fis ɗin. Idan har yanzu akwai inda ya haɗe, kwan zai kama da haske ya tsaya a haka, shi zai sha wutar, sabbin kayan su tsira. Idan lafiya lau ne, zai yi walƙiya sau ɗaya ya dushe. Namu ya dushe, amma babu wuta a bakin fita, sai wata ƙara tik tik a hankali. A nan ne da yawa za su ce maka bod ya mutu, je ka sayi sabuwa. Shi kuwa ya ɗora mita a ƙafa ta bakwai ta aisi, wato ɗan ƙaramin abu mai ƙafafu da ke tuƙa tiransistan, mai lamba UC3842. Ya nuna min cewa wannan aisi ba ya tashi sai ya samu bolt 16, kuma yana kashe kansa idan wutar ta sauka zuwa 10. Lambar mitar tana hawa tana faɗuwa. Wani ɗan kafasita ne a gefensa, bai fi ƙwayar gyaɗa ba, ya bushe. A ido lafiyarsa ƙalau, bai kumbura ba. Ƙurar hunturu ta toshe fanka, zafin Maris da Afrilu ya ƙarasa shi. Ana canza shi mita ta nuna 14.4 a bakin fita.

Bai sallame ni ba sai da ya tambayi lafiyar batirin. Wanda ya cika ya huta yakan nuna kusan 12.6, kuma saukar da shi ƙasa da 10.5 yana rage masa kwana. Wasu cajoji ma ba sa tashi idan batir ya yi ƙasa sosai, mai shi ya ɗauka caja ce ta lalace.

Akwai abin da ban ji daɗinsa ba. Shagon ƙunci gare shi, babu wurin zama, kuma aikin ya wuce ranar da ya yi min alkawari, ni kuwa kowane yini babu caja asara ce. Ba ya ba da rasit, garantinsa na baki ne. Tiransistan da ya sa min daga tsohon bod ya ciro shi, sai dai ya gaya min tun kafin ya sa, ya ce ya fi yarda da shi a kan wasu sabbin da ake kawowa. Kuɗinsa ya fi na masu gyaran bakin titi, amma bai ko kusa da kuɗin sabuwar caja ba, kuma ya zuba min matattun kayan a leda na taho da su.

In za ka je, tafi da safe, ka haɗa da wayoyin cajar da maƙalansu, don yana auna su su ma. Ranar Juma'a kuwa kafin azahar ya rufe.