RTX 3060 mai giga 12 ko RTX 4060 mai giga 8: wanne ya dace da mai gyaran hoto a Damagaram?

Ɗan'uwa, barka da aiki, ya kasuwa? Na karanta tambayarka, kuma zan maimaita ta a taƙaice saboda sauran 'yan'uwa masu ɗaukar hoto su san abin da muke magana a kai. Ka ce kana da studiyo a Zango, aikinka hotunan biki da suna da hawan sallah. Kwamfutarka ta tebur ce, firosesa Core i5 ƙarni na 8, RAM giga 8, katin girafik GTX 1050 Ti mai giga 4. Duk lokacin da ka sa Lightroom, manhajar gyaran hoto, ya share yashi-yashin da ke fitowa a hotunan dare, sai ka zauna jira har abin ya gundure ka. Mai kawo kaya daga Kano ya ajiye maka katunan girafik biyu, kuɗinsu kusan ɗaya: RTX 3060 na hannu mai giga 12, da RTX 4060 sabo a kwali mai giga 8. Wani kuma ya ce maka ai 12 ta fi 8, maganar ta ƙare.

Ni a ganina ka ɗauki 4060. Amma kada ka aika kuɗin tukuna, don akwai abubuwa a cikin kwamfutar taka da za su iya sa kowane ɗaya daga cikin biyun ya zama asara.

Mu fara da maganar 12 da 8, tunda ita ce ta rikita ka. Wannan adadi girman ma'ajiyar da ke jikin katin ne, VRAM, wurin da yake shimfiɗa hoto yayin da yake aiki a kansa. Kamar tabarmar shanya ce: idan hatsinka ya shiga tabarma ɗaya, shimfiɗa ta biyu ba ta sa ya bushe da wuri. Kamfanin Adobe, mai Lightroom da Photoshop, da kansa giga 8 yake ba da shawara ga wanda ke son Lightroom ya yi cikakken amfani da kati. Hoton RAW, wato ɗanyen fayil yadda kyamara ta ɗauko shi, na kyamara mai megafiksel 24, irin waɗanda yawancinmu ke riƙe da su, yana zama cikin giga 8 ba tare da matsi ba. Katinka na yanzu, wanda ya fito tun 2016, matsalarsa biyu ce: ma'ajiyar ta yi kaɗan, kuma ba shi da sashen da NVIDIA, kamfanin da ke ƙera waɗannan katuna, ta keɓe wa lissafin ƙirƙirarriyar basira, wanda katunan RTX duka suke da shi. Shi ya sa kowanne daga cikin biyun ka saka za ka ga bambanci mai yawa a kan 1050 Ti. Tsakaninsu su biyu kuwa, a aikin hoto, tazarar ba ta da faɗi, 4060 ne ke ɗan gaba kaɗan saboda ƙirarsa ta fi sabunta.

A takarda ga yadda suke. RTX 3060 ya fito a Fabrairun 2021 a kan dala 329 ta Amurka, yana jan wuta har wat 170. RTX 4060 ya fito a Yunin 2023 a kan dala 299, yana jan wat 115. Hanyar da bayanai ke bi zuwa ma'ajiyar 3060 ta fi faɗi, bit 192 ce, ta 4060 kuwa 128, amma an ƙara wa 4060 ma'ajiyar wucin gadi mai girma a cikin guntunsa wadda ke rufe mafi yawan wannan giɓi. Akwai wani wuri da 3060 ya yi nasara a kan irin kwamfutarka: yana amfani da layuka 16 na ramin PCIe, inda ake soka katin a allon uwa, shi kuwa 4060 takwas kawai yake amfani da su, kuma allon uwa na ƙarni na 8 tsohon rami ne da shi, PCIe 3.0. Masu wasannin bidiyo kan lura da wannan a wasu lokuta. Mai gyaran hoto ba zai lura ba.

Abin da ya fi damuna shi ne wat 55 ɗin nan da ke tsakaninsu, kuma shi ne abin da masu bitar kaya a Turai da Amurka ke wucewa da sauri, don su ɗakunansu da sanyi kuma wutarsu ba ta ɗaukewa. Mu a nan, daga Afrilu zuwa Mayu zafi na haura digiri 40, kuma shago mai rufin kwano ya fi waje zafi da rana. Duk wat ɗin da kati ya ja, zafi yake komawa a cikin akwatin kwamfuta. Katunan NVIDIA idan sun kai wajen digiri 83 sai su fara rage gudu da kansu don kada su lalace. To kati mai wat 170 da ke shaƙar iska mai digiri 42 ya fi saurin isa can fiye da mai wat 115, kuma lokacin da ka fi buƙatarsa, wato ka jera masa hotunan biki ɗari biyu ya share, a lokacin ne zai yi ta aiki ba hutawa. Fankokinsa za su yi ta juyawa da ƙarfi, suna zuƙo ƙurar hunturu suna cusa ta tsakanin ƙarafan sanyaya. Wanda ya taɓa buɗe kwamfutar da ta shekara a shagon bakin hanya a garin nan ya san abin da ake tararwa a ciki.

Sannan ga maganar wuta. Ƙaramar na'urar UPS mai VA 650, mai riƙe kwamfuta da batir idan wuta ta ɗauke, wadda ita ce aka fi samu a shagunanmu, abin da take iya ɗauka a zahiri wat 360 ne zuwa 400. Yi lissafi da kanka: firosesarka wajen wat 65, allo wajen 30, allon uwa da faifai da fankoki a ce 50. Ka ɗora 3060 ka haura 300, ka matso kusa da iyakarta, kuma idan batirinta ya tsufa tana iya kashe kanta a daidai lokacin da wuta ta ɗauke. Ka ɗora 4060 kana wajen 260, da sauran sarari. Idan da sola da batir kake aiki, kai ka fi ni sanin darajar wat 55 bayan la'asar. Kada in ruɗe ka dai, a kuɗin wuta na wata bambancin ba shi da yawa, don yawancin lokacin da kake gyara hoto ɗaya-ɗaya katin hutawa yake yi. Inda bambancin yake shi ne lokacin da nauyi ya hau.

Ɗayan kuma na hannu ne, wannan ma ba ƙaramar magana ba ce. RTX 3060 ya fito ne a tsakiyar lokacin haƙar kuɗin intanet, lokacin da ake jera katuna a ɗaki suna aiki dare da rana. Da Ethereum, ɗaya daga cikin irin waɗannan kuɗaɗe, ta daina amfani da katuna a Satumbar 2022, sai aka zubo su kasuwa da yawa, suka bazu ko'ina. Ba duk katin da ya yi wannan aiki ne ya lalace ba, amma fankarsa ta gaji, man da ke tsakanin guntu da ƙarfen sanyaya ya bushe, kuma babu garanti. Idan ya mutu bayan wata biyu, kai ne da ɗaukarsa ka bi ta Matamai da Daura zuwa Kano kana neman wanda ya sayar maka. Akwai kuma wani tarko: a 2022 an fitar da 3060 mai giga 8, sunansa ɗaya da mai 12 amma ya fi shi rauni. Abin da aka rubuta a kwali ko a takardar da aka manna ba hujja ba ce. A saka katin a kwamfuta a gabanka, a buɗe manhajar GPU-Z, kyauta ce, za ta nuna ainihin sunansa da girman ma'ajiyarsa. Sannan a sa shi aiki mai nauyi na minti ashirin kana kallon zafinsa kana sauraron fankar. Gani ya kori ji. Shi ma sabon a yi masa haka, don kwali mai kyau ba wuyar samu gare shi ba.

To yaushe 3060 ya fi? Idan bidiyon biki ya fara rinjayar hoto a aikinka, musamman 4K a manhajar gyaran bidiyo ta DaVinci Resolve da gyaran launi da share yashi-yashi, a nan giga 8 na iya cika, kuma idan ta cika aikin tsayawa yake ko ya riƙa sarƙewa. Haka idan kana son sauke manhajojin ƙirƙirar hoto su yi aiki a kan kwamfutarka ba tare da intanet ba, su ma ma'ajiya suke ci sosai. Wanda wannan ne aikinsa, kuma ya samu 3060 mai lafiya daga hannun wanda ya yarda da shi, ba zan hana shi ba. Amma kai hoto ka ce.

Sauran katuna ba zan daɗe a kansu ba. Na AMD, irin RX 6600 mai wat 132 da RX 7600 mai wat 165, suna aiki lafiya da Lightroom da Photoshop, idan ka samu da rahusa sosai babu laifi. Intel Arc B580, wanda ya fito a Disambar 2024 da giga 12 a kan dala 249, yana da jan hankali, sai dai yana buƙatar wani tsari mai suna Resizable BAR wanda Intel ke danganta shi da firosesa ƙarni na 10 zuwa sama, taka kuwa ta 8 ce, ka bar shi. RTX 5060 na 2025 ya fi 4060 gudu, wat 145 yake ja, idan mai kayan zai kawo shi a kuɗi ɗaya ka duba shi.

Yanzu abin da na ce ka dakata saboda shi. Kafin komai ka buɗe murfin kwamfutar ka karanta takardar da ke jikin akwatin wuta, wanda masu gyara ke kira alimantasiyo. NVIDIA wat 550 take ba da shawara ga katunan biyu, kuma dukansu suna buƙatar wayar wuta ta daban, galibi mai ƙafa 8. Yawancin GTX 1050 Ti ba sa buƙatar wannan waya, daga ramin allon uwa suke shan wutarsu, don haka mai yiwuwa akwatin wutarka ba shi da ita ma sam. Idan kwamfutar haɗi ce, sai ka sa kuɗin sabon akwatin wuta mai kyau a lissafi, kuma don Allah kada ka yi rowa a nan, mara kyau idan ya ƙone yakan tafi da abin da ke haɗe da shi. Idan kuwa irin siraran kwamfutocin ofis ɗin nan ce na HP ko Dell da ake kawowa na hannu, akwatin wutarsu sau da yawa bai wuce wat 180 zuwa 240 ba, mahaɗinsa na kamfani ne ba ya musanyuwa da sauƙi, kuma dogon kati ba ya shiga. A irin wannan hali 3060 da 4060 duka ba naka ba ne. Abin da zai shiga shi ne gajeren RTX 3050 mai giga 6, wanda wat 70 kawai yake ja kuma ba ya neman waya. Bai kai su gudu ba, amma ya fi abin da kake da shi nesa.

RAM ɗinka ma ta dame ni, har ta fi katin damuna. Giga 8 ta yi kaɗan ga wanda ke buɗe Lightroom da Photoshop tare. Ka mayar da ita 16 aƙalla, 32 idan hali ya yi. Idan Windows da kundin Lightroom suna kan tsohon faifai mai juyawa, ka koma SSD. Jan jikin da kake ji wajen buɗe hoto, wucewa daga wannan zuwa wancan, da aiki da shimfiɗu masu yawa a Photoshop, mafi yawansa daga nan yake, sabon kati ba zai warkar da shi ba. Da kuɗin ba zai isa duka ba, ni da RAM da SSD zan fara, in jira wata biyu a kan katin.

Akwai abubuwan da kati ba ya taɓawa ko kaɗan, gara ka sani kafin ka sa rai. Generative Fill na Photoshop, mai ƙirƙiro abu ya cike gurbi a hoto, a kwamfutocin Adobe ake yin lissafinsa, saurinsa na intanet ɗinka ne. Denoise kuma, mai share yashi-yashin nan, wanda ya shigo Lightroom a Afrilun 2023, don fayilolin RAW aka yi shi, idan JPEG kake ɗauka ba za ka ci moriyarsa ba. Sai launi: idan shaddar ango fara ce a allonka amma ta fito da ruwan ɗorawa a takarda, ko fatar amarya ta yi ja, laifin allo ne da rashin daidaita shi, ba na kati ba. Allo mai IPS da ke nuna launukan sRGB cikakku zai fi gyara maka wannan.

Ka kuma leƙa bayan allon naka. 3060 da 4060 duka HDMI da DisplayPort gare su, babu shuɗin ramin nan na VGA, don haka idan allonka VGA kaɗai yake da shi ka sa a haɗo maka da na'urar juyi a tafiya ɗaya. Bayan an saka katin, ka tabbata wayar allo a jikin katin take ba a jikin allon uwa ba, ka sauke direban NVIDIA Studio maimakon na wasanni, sannan ka shiga saitin Lightroom, sashen Performance, ka ga sunan katin ya bayyana kuma an kunna amfani da shi.