Wutar ajiya ta batir don rauta da fitila: abin dubawa kafin ka ba mai shago kuɗinka

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023, mutanen Gadarif da Kasala da Mai Wurno sun daina tambayar ko za a ɗauke wuta, sai dai yaushe za a kawo. Madatsar Marawi, wadda aka buɗe a 2009 da ƙarfin megawat 1,250, ita kanta an kai wa tashar wutarta hari da jirage marasa matuƙa a farkon 2025, garuruwa suka shiga duhu. Ga shi kuma kuɗin jama'a sun koma cikin waya, Bankak, manhajar banki ta waya, ake ciniki da shi har wajen mai kayan miya. In rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gida, ta mutu, waya ta mutu, kuɗin da ɗan'uwanka ya turo daga Jidda suna nan amma hannunka bai kai gare su ba.

Abin da yawancin gidajenmu ke so ya rayu cikin duhun nan ƙanana ne: rauta, wayoyi, ƙwan fitila biyu, wataƙila ƙaramar fanka. Dukansu wutar DC suke ci, wato irin wutar da batir ke bayarwa kai tsaye. Shi ya sa nake hana mutane gaggawar sayen inbata. Inbata tana ɗaukar bolt 12 na batir ta mayar da shi bolt 230 irin na bango, sannan cajar rauta ta sake sauko da shi bolt 12. Kamar ka canja fam zuwa riyal ne, ka sake canja riyal ɗin zuwa fam: kowane ɗan canji sai ya ci nasa. Ƙari a kan haka, inbata tana shan wuta ko ba a jona mata komai ba, wata ma abin da take sha a banza ya fi abin da rautar ke ci. In ba firiji ko injin ruwa za ka kunna ba, ka zauna a kan DC.

Kafin ka shiga kasuwa, ka yi lissafi a takarda. Juya kowace na'ura ka karanta abin da aka rubuta mata, ka ninka bolt da amfiya, ya ba ka wat. Rauta mai bolt 12 da amfiya 1 ba za ta wuce wat 12 ba. A ce tana cin 10, fitilu biyu suna cin 5 kowace, ya zama wat 20. Kana son awa 8, kana bukatar wat-awa 160, wanda in ka raba shi da 12 yake kusan amfiya-awa 13 ko 14 a batirin bolt 12. Wannan lambar ita ce jagorarka, ba girman kwali ko daɗin bakin mai sayarwa ba.

Abu na farko da za a miƙo maka shi ne ƙaramin akwatin nan na roba da ake kira mini UPS, mai ramukan bolt 5 da 9 da 12. Yana da arha, ba ya son makaniki, ka jona kawai. Amma ka lura da lambar da ke jikinsa. In an rubuta 10,000mAh, wato amfiya-awa 10, an auna ne a kan bolt 3.7 na ƙwayoyin batirin da ke ciki, ba a kan bolt 12 ba. Gaskiyar abin wat-awa 37 ne, kuma bayan asarar ɗaga wutar, rauta mai wat 10 za ta samu kamar awa 3. Hakan in ƙwayoyin sababbi ne, domin akwai waɗanda ake cusa wa tsofaffin ƙwayoyi daga batirin kwamfuta. Nemi wanda aka rubuta masa Wh, wato wat-awa, a fili, ka ɗaga shi ka ji nauyi; wanda ya yi shafal a hannu ba shi da abin da yake iƙirari. Ga ɗalibi mai ɗaki ɗaya a unguwar da wuta ke tafiya awa biyu ta dawo, ya isa. Ga duhun wuni guda, bai isa ba.

Na biyu shi ne akwatin ƙarfe da masu kafa kyamarar tsaro ke amfani da shi. Yana fitar da bolt 13.8, yana ciyar da na'ura yana kuma cajin batirin dalma mai amfiya-awa 7 a lokaci guda, da zarar an ɗauke wuta batir ya karɓa ba tare da rauta ta ko ƙifta ba. Kamfanoni irin su Mean Well suna yin masu kyau. Tsarin yana burge ni, amma an ƙera shi ne don ƙasar da wuta ke zama kullum ta ɗan tafi jefi-jefi. Cajinsa a hankali yake, da yawansu ba su kai amfiya ɗaya ba. Batir mai amfiya-awa 7 a kan cajin rabin amfiya zai nemi sama da awa 14 kafin ya cika daga ƙasa. In wutar unguwarku awa 5 take yi ta tafi, batirin zai rayu kullum da rabin ciki, kuma batirin dalma da aka bari bai cika ba yana lalacewa da sauri.

Nan ne ya kamata a tsaya a kan batirin kansa, don shi ne ke cin mafi yawan kuɗin, shi ne kuma ke fara mutuwa. Batirin dalma, ko mai ruwa ko rufaffe irin AGM da jel, ba a son a zuƙe shi fiye da rabi. Wato lissafinmu na amfiya-awa 14 ya koma 28, ka sayi mai 35 ko 40. Sannan zafi makashinsa ne. Shekarun da ake rubuta masa an auna su ne a digiri 25, kuma duk ƙarin digiri 10 yana raba ransa kusan biyu. Ka tuna ɗakin kwano a watan Mayu a Sinnar, inda waje ma ya haura 40. Batirin mota kuwa a bar shi a mota. An yi shi ne ya ba da ƙarfi mai yawa na ƴan daƙiƙoƙi, in ana zuƙe shi kowane dare watanni kaɗan zai yi.

Wanda nake ba da shawara ga mai hali shi ne litiyam na LiFePO4. Ƙwayoyi huɗu ne masu bolt 3.2, jimla 12.8, don haka yana zama a gurbin na dalma. Ana iya shan kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na abin da ke cikinsa, yana jure caji sau 2,000 ko fiye, kuma ya fi sauran nau'o'in litiyam wuyar kamawa da wuta. Mai amfiya-awa 20 yana ɗauke da wat-awa 256, ya rufe bukatar gidan da muka lissafa har da ragi. Babban alherinsa a wurinmu shi ne saurin caji: da caja mai amfiya 10, cikin kamar awa 2 ya cika. Kada ka saya sai da allon kariya na BMS a ciki, kuma da cajar da aka yi dominsa, mai tsayawa tsakanin bolt 14.2 da 14.6. Shi ma ba ya son rana, a ajiye shi a inuwa inda iska ke wucewa. Tsadarsa ta ranar farko ce. Wanda ya canja na dalma sau uku ya riga ya biya kuɗinsa. Masu shirin cewa ɗan'uwa ya taho da shi daga Saudiyya su sani jiragen fasinja ba sa yarda da batirin litiyam da ya wuce wat-awa 160, don haka mai 20 ɗin nan sai ta hanyar kaya.

Inda wutar gwamnati ba ta zuwa sam, faifan sola mai wat 100 da ƙaramar na'urar daidaita caji sun isa wannan ɗan kayan. Mai rubutun PWM ta wadatar a ƙaramin tsari, MPPT sai faifai sun yi yawa take biyan kuɗinta. A dai riƙa share faifan bayan kowace guguwar ƙura. Masu sana'ar intanet da Starlink mai amfani da tauraron ɗan'adam, waɗanda suka yawaita bayan katsewar layukan waya a Fabrairu 2024, lissafinsu daban ne: ƙaramin samfurin Mini kaɗai yana cin wat 25 zuwa 40, wuni guda ya kai wat-awa 300 ko fiye, sai batir mai amfiya-awa 50 zuwa sama.

Sauran abubuwan ƙanana ne, amma su ke raba aikin kirki da gobara. Fiyus dole ne, a kan jan waya, dab da kan batir, domin ko ƙaramin batir in wayoyinsa suka haɗu zai narkar da roba cikin daƙiƙa. In batirin dalma ne, a sa masa na'urar da ke yanke wuta in ya sauka wajen bolt 11.5, kada ya zuƙe har ƙasa. Wutar batir tana hawa da sauka tsakanin 11 da 14 da ɗoriya, wasu rautoci suna jurewa, wasu ba sa so, don haka ɗan allon da ke tsayar da ita a 12 cif ya fi sabuwar rauta arha. Wayar ta kasance gajera mai kauri, don a bolt 12 siririyar waya mai tsawo tana cinye wuta a hanya. Kan filogin ma iri biyu ne masu kama da juna, mai ramin milimita 2.1 da mai 2.5, kuma a yawancin rautoci tsakiyar ce mai alamar +. In aka juya, na'urar na iya ƙonewa nan take. Ka tafi shagon da rautarka da cajarta a leda, ka ce wa mai shagon ya jona a gabanka, ya zare wutar bango, ya sa mita ka ga abin da ke fita kafin ka tura masa kuɗi.