Karramawar rushe majalisa da ta murabus a Birtaniya, ba abu ɗaya ba ne

Malam ka tambaya wai karramawar da aka yi wa su tsohuwar firaminista Theresa May a 2024 irin wadda tsohon firaminista Boris Johnson ya raba wa yaransa na siyasa ce ko daban ce. To gaskiya daban ce, duk da dai duka biyun daga ofishin firaminista sunayen ke fitowa, Sarki amincewa kawai yake yi.

Ta su May ita ce ta rushe majalisa. In zaɓe ya zo ana rushe majalisar wakilai, tsofaffin hannu da suka ce ba za su sake tsayawa ba sai a tsinci wasu a kai su majalisar dattawa, kuma ba jam'iyya mai mulki kaɗai ke ci ba, 'yan adawa ma ana ba su gurbi su kawo nasu. A 2024 mutum 19 aka ba kujera, Labour da take adawa a lokacin ta samu 8, Conservative 7, shi ya sa ka ga Harriet Harman da Margaret Beckett na Labour jeri ɗaya da May ta Conservative. Kuma ka ji wayo, ranar zaɓen, 4 ga Yuli, dab da rufe rumfuna aka saki sunayen, lokacin hankalin kowa yana kan sakamako. Ba wai tsarkakakkiya ba ce fa, firaministan lokacin, Rishi Sunak, ya cusa shugaban ma'aikatan ofishinsa a ciki.

Ta murabus kuwa tukwicin mutum ɗaya ce, firaminista zai sauka sai ya sallami waɗanda suka yi masa hidima, kuma a nan ne ƙura ta fi tashi. Johnson a 2023 ya kai mutum 7 majalisar dattawa, har da Charlotte Owen, wata mai ba shi shawara da shekarunta ba su wuce 30 ba. Liz Truss kwana 49 kacal ta yi a mulki amma ita ma sai da ta naɗa mutum 3. Tsofaffin firaministoci Tony Blair da Gordon Brown ba su fitar da irin wannan jerin ba sam, don al'ada ce ba doka ba.

Ni dai ta farkon na fi ganin hujjarta, wanda ya shekara 30 ko 40 ana zaɓarsa aƙalla ya san aikin.

Sai ka kula da wani abu, a kowane jeri akwai Sir ko Dame, akwai Lord ko Baroness. Sir suna ne kawai kamar sarautar da ba ta da ƙasa. Lord kuwa kujera ce har mutuwa in bai ajiye da kansa ba ko aka cire shi, yana jefa ƙuri'a kan dokoki ba tare da kowa ya zaɓe shi ba, ga alawus sama da fam 300 duk ranar da ya halarci zama, sai dai ɗansa ba ya gado, tsarin da dokar 1958 ta kawo ke nan. Akwai hukumar da ke tantance sunaye tun 2000 amma shawara kawai take bayarwa, a 2020 ta ƙi Peter Cruddas, wani attajiri mai ba Conservative gudummawar kuɗi, Johnson ya yi biris ya naɗa shi.