Kwana a kurmin wani dattijo a hanyar Yankari

Mai zuwa Yankari daga Gombe ko Bauchi a Dindima yake ratsewa ya nufi Mainamaji, inda babbar ƙofar gandun take. Yawanci kai tsaye ake zarcewa Wikki, a yi wanka a ruwan ɗumin nan mai digiri 31, a kwana a can. Ni da iyalina a waje muka sauka, a wani ƙauyen Alkaleri, wurin wani dattijo da ya gaji kurmi bayan gonarsa, ya ƙi sayar wa masu gawayi, ya gina ɗakunan baƙi a bakinsa.

Ɗakunan na ƙasa ne, rufin ciyawa, da gidan sauro da fitilar sola. Tsafta kam ba laifi. Babban ɗansa ke karɓar baƙi, matan gida ke girki. Masar da aka kawo mana da safe, da miyar taushe da man shanu, uwargida ma da ba ta yabon girkin kowa sai da ta nemi ƙari.

Amma abin da ya biya kuɗinmu shi ne zagayen da Baba ya yi da mu da hantsi. Tafe yake da sandarsa, yana kirana ɗana, yana nuna mana bishiya bayan bishiya: ɗorawar da suke samun kalwar daddawa, kaɗanyar da surukansa ke tsintar 'ya'yanta su yi man kaɗe, tsamiyar da ya ɗaure wa amya a sama. Ya ɓare busasshiyar ɗorawa ya miƙa wa autarmu, bakinta ya yi rawaya da garin, ta ƙi yarda a goge. Lissafinsa a fili yake: buhun gawayi sau ɗaya ake cin kuɗinsa, bishiyar da ke tsaye kuwa duk shekara tana kawo wani abu, yanzu har da baƙi.

Sai dai ruwan wanka daga rijiya ake jawowa, banɗaki na gargajiya ne, sabis ɗin waya kuma sai an hau tudu. Ba sa karɓar taransfa, a taho da tsabar kuɗi.

Kada kuma a zo da tsammanin ganin giwa a nan. Wannan sai an shiga cikin gandun, musamman da rani, lokacin da dabbobi ke taruwa a bakin kogin Gaji.