Ross and Wilson ko Guyton? Amsa ga ƙanwarmu da za ta fara makarantar jinya

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sanya albarka a karatun. Kin tambaya wane littafin karatun jikin ɗan Adam za ki saya tsakanin Ross and Wilson da Guyton. Cikin biyun, Ross and Wilson za ki saya. Duka ina da su a ɗaki, don haka ba labarin wani nake ba ki ba.

Tun 1963 ake buga Ross and Wilson, kuma ɗaliban jinya aka nufa da shi tun asali. Ya haɗa abu biyun da za a yi miki jarrabawa a kai: tsarin sassan jiki, da yadda kowanne yake aiki. Idan ya ɗauko zuciya, zai nuna miki ɗakunanta 4, ya bi jini tare da ke daga ɓangaren dama zuwa huhu inda yake ɗaukar iskar oksijin, ya dawo da shi ɓangaren hagu, daga nan zuciya ta harba shi sauran jiki. Sannan a ƙarshen babin ya kawo cututtukan da ke kama wurin, kuma saboda wannan nake ƙaunarsa. Lokacin da aka fara tura mu aikin asibiti, an kwantar da wani dattijo ƙafafunsa sun kumbura suntum, ba ya iya kwanciya sai an tara masa matasan kai saboda numfashi. Sista mai kula da ɗakin ta tambaye mu me ya haɗa ƙafa da numfashi, kowa ya yi tsit. Ni kuwa zanen littafin nan ne ya faɗo mini a rai: idan ɓangaren hagu ya gaza, jini yana cushewa a huhu, numfashi ya yi wuya, idan na dama ne, sai ruwa ya taru a ƙafafu da ciki. Baba kuwa duka biyun sun gaji. Ranar har albarka matar nan ta sa mini, ita da ba a cika ganin haƙoranta ba.

Guyton kuwa, ba zan ce ba shi da kyau ba, tun 1956 masu karatun likita suke fama da shi. Sai dai shafi sama da 1,000 ne, kusan duk a kan aikin sassan jiki. Ba shi zai koya miki ƙasusuwa 206 da sunayensu ba. Ƙoda ma, abin da ake so ki riƙe a ajin farko shi ne kowacce tana da ƙananan matatai kimanin miliyan 1, su biyun suna tace wajen lita 180 a rana, amma fitsarin da ke fita bai wuce lita 1 da rabi ko makamancin haka ba, saura jiki ya sake tsotse abinsa. Guyton sai ya yi miki babi-babi har da lissafi kafin ki kai nan. Nawa yana can saman durowa yana shan ƙura.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da masu sayarwa, don jabun Ross and Wilson ya cika kasuwa. Kada ki yarda a miƙo miki shi a liƙe cikin leda a ce ba a buɗewa. Ki buɗe babin zuciya a gaban mai shagon. A na gaskiya jijiyoyin da ke ɗauke da jini mai oksijin ja ne, na wanda ya rasa shi shuɗi. Shi ya sa babbar jijiyar da ke kai jini huhu take shuɗiya duk da daga zuciya ta fito, kuma malamai suna son kama ɗalibi a nan. A jabu duk sun koma toka-toka, rubutun jikin zanen ya dushe, wani lokaci ma a tsallake shafuka. Wasu kuma tsohon bugu suke liƙa wa sabon bango, don haka ki duba shafin ciki ki ga ko bugun da aka rubuta ya yi daidai da na bangon.

Idan kuɗi sun yi kaɗan, ki nemi na hannu wurin 'yan ajin ƙarshe. Tsohon bugu na asali ya fi sabon jabu, ki dai tabbatar kuɗin tsoho kika biya.